Sirrin Ƙuli-Ƙuli Yana Wajen Matsa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shuwarin kusa da Dutse ya ga yara da farantan ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa. Haka abin yake a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Wannan sana'a ce ta mata a cikin gida. Da ita uwa take sayen sabulu da magi, ta yi zubin adashi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Amma za ka ga mata biyu sun sayi gyaɗa iri ɗaya, ɗaya ta ci riba, ɗaya ta faɗi. Mene ne dalili? Sau da yawa bambancin yana wajen matsa.

Gyaɗa da ƙasarmu

Gyaɗa ta daɗe tana rufa wa manomanmu asiri. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake suka shiga sayen gyaɗa ana kai ta Turai. Ana jera buhuna har su yi tsiri, shi ne ake kira dalar gyaɗa. A lokacin ƙasar Dutse tana cikin Lardin Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Fari na shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gonakin gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki. Dala ta ɓace, amma matan gida ba su daina matsar mai ba har yau.

Yadda ake yi

Da farko a ɓare gyaɗa a tsince ta. A soya ta a kasko a kan wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa, har ta yi ja. Kada a bari ta ƙone, domin ƙonanniyar gyaɗa tana sa ƙuli ya yi ɗaci. Idan ta huce a murje ta, a sheƙe ɓawon. Sai a kai inji a niƙa, ko a daka a turmi har ta yi laushi.

Daga nan ne babban aiki yake farawa. A zuba niƙaƙƙiyar gyaɗar a turmi ko a babbar roba mai tsabta. A yayyafa ruwan zafi kaɗan, a yi ta juyawa da taɓarya ko muciya. Can sai a ga ƙullin ya fara haɗe jikinsa, mai yana tasowa sama. A kwashe man, a ƙara ruwan zafi kaɗan, a ci gaba. A ƙarshe a sa hannu a matse ƙullin sosai. Abin da ya rage bayan an cire mai shi ne tunkuza.

A sa wa tunkuza gishiri. Wasu suna ƙara barkono da citta, wasu kuma sukari. Sai a mulmula, a danna, a soya a cikin man da aka matse.

Me ya sa ruwan zafi yake fitar da mai?

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Idan an niƙa ta, man yana cakuɗe da garin. Garin gyaɗa yana son ruwa, mai kuwa ba ya shiri da ruwa. Da garin ya sha ruwa sai ya dunƙule ya saki man. Zafi kuma yana sa man ya tsinke ya gudana da sauƙi.

Amma a yi hattara. Idan ruwa ya yi yawa a lokaci guda, ƙullin zai caɓe, man ya ƙi fita. Saboda haka kaɗan-kaɗan ake zubawa. Bayan an gama, a ɗora man a wuta har ya daina kumfa da ƙara. Wannan alama ce ruwan cikinsa ya ƙone. Man da ya rage da ruwa ba ya daɗewa, da wuri yake yin wari.

Amfanin matsa sosai

Na farko, kuɗin sana'ar yana cikin mai. Duk man da aka bari a tunkuza, riba ce aka bari.

Na biyu, tunkuzar da ba ta matsu ba tana wargajewa a cikin kasko. Ko ta soyu, ƙulin ba ya yin ƙaras-ƙaras.

Na uku, ƙulin da aka matse sosai yana daɗewa bai canja ɗanɗano ba. Shi masu tsire suke nema domin haɗa yaji. Shi kuma ake dakawa a yi kwaɗon zogale ko na rama.

Akwai kuma dannawa ta biyu, wato wadda ake yi kafin a jefa a mai. Ƙullin tunkuza yana da tauri, ba ya bajewa da kansa a wuta. Idan an jefa shi da kauri, baya zai ƙone alhali ciki bai soyu ba. Shi ya sa mata suke danna shi da yatsu ya yi faɗi, ko su murza shi siriri su naɗe kamar zobe. Siffar ba ado kawai ba ce, dabara ce ta sa wuta ta ratsa ko'ina.

Har a Amurka haka suke yi

Mutanen Amurka ma suna da irin wannan al'ada. Suna haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da fulawa da sukari da ƙwai su yi biskit. Su ba sa cire man, kuma gasawa suke yi, ba suya ba. Kafin su gasa, sai su danna kowane curi da cokali mai yatsu, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a kwance. Tun shekarun 1930 littattafansu na girki suke koyar da haka. Dalilinsu ɗaya ne da namu: ƙullin gyaɗa yana da nauyi, sai an danna shi yake gasuwa daidai. Zanen cokalin kuma ya zama shaida. Wanda jikinsa ba ya son gyaɗa, da ya gani ya san abin da ke ciki.

Gargaɗi a kan ruɓaɓɓiyar gyaɗa

Akwai abin da matsa ba ta iya gyarawa. Gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da wani dafi mai suna afulatoksin. Masana sun gano shi bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda sun ci abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Wannan dafi yana lalata hanta, yana iya jawo ciwon daji na hanta, yana kuma hana yara girma yadda ya kamata.

Suya ba ta kawar da shi. Kuma idan an matse mai, yawancinsa a tunkuza yake zama, wato a cikin ƙulin da 'ya'yanmu suke ci. Wasu suna sayen ragowar gyaɗa mai araha su ce ai niƙawa za a yi. Wannan kuskure ne babba. Araha ba ta ado.

Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko kore, ko ta yamutse, ko ƙwaro ya huda. A zubar da ita, kada a ba kaji ko awaki.
2. A shanya gyaɗa a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har ta bushe sarai.
3. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango da danshi.
4. A bar ƙuli ya huce kafin a rufe shi a cikin mazubi busasshe.

Manomin da yake neman iri mai kyau ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren gyaɗa masu suna SAMNUT, waɗanda wasunsu suke nuna da wuri kuma suke jure cuta.

Mai karatu, idan ka gama karanta wannan, ka karanta wa iyalinka. Ke kuma 'yar'uwa da kike zuwa ajin yaƙi da jahilci, ki gwada rubuta kuɗin gyaɗa da na niƙa da na itace a littafi, sannan ki rubuta abin da kika sayar na mai da na ƙuli. A nan za ki gane ko matsarki tana biyan ki.