Haɗa Jirgin Su A Gida Da Yadda Zai Jure Wa Igiyar Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yawuri ko Warra ko Malale ran kasuwa, ya ga jiragen katako jere a gaɓa, manya da ƙanana. Galibinsu a nan gida aka haɗa su, a ƙarƙashin inuwa, ba tare da zane a takarda ba, sai ido da abin da kafinta ya gada wajen maigidansa. Wannan gwaninta abin yabo ce. Amma kuwa ruwan da jiragen nan suke shiga yau ba shi ne ruwan da kakanninmu suka sani ba, don haka ya kamata a sake duban yadda ake haɗa su.

Kafin shekarar 1968, Kwara kogi ne mai gudu a tsakanin gaɓa biyu. Sarkawa da Gungawa suna su da fito a cikin kwalekwale siriri wanda aka sassaƙa daga gungume guda, ana tura shi da gora ko filafili. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a wannan shekara, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, aka sami tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, faɗinsa kuwa ya haura kilomita 20 a wurin da ya fi buɗewa. Girman igiyar ruwa ya dogara ne ga abu uku: ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana busawa, da nisan filin ruwan da ta ratsa ba tare da wani abu ya tare ta ba. A kogi iska ba ta samun irin wannan fili. A tafki kuwa ta samu, musamman a farkon damina sa'ad da hadari yakan taso daga gabas da guguwa ba zato ba tsammani. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, suna jiran cikin jirgi.

Ba a manta da abin baƙin cikin da ya auku kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski cikin watan Mayu na 2021 ba, inda wani jirgin fasinja ya nutse, mutane da yawa suka rasu, jami'ai kuma suka ce lodi ya yi masa yawa. Wancan babban jirgi ne, amma dokar da ruwa yake bi da babba ita yake bi da ƙarami.

KATAKO DA ƘUSA

Mai niyyar haɗa jirgi ya fara da katako. Maɗaci da loko suna jimre wa ruwa, suna kuma riƙe ƙusa. A guji farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, domin shi yake fara ruɓewa. A jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a bar shi ya sha iska sosai. Ɗanyen katako yakan tsuke bayan an gama aiki, sai mahaɗai su buɗe, ruwa ya sami hanya. Kaurin inci ɗaya ya isa ga gindin ƙaramin jirgi, na gefe kuma yana iya kasa haka kaɗan.

Ƙusa ta zama irin wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Ta fi tsada, amma baƙar ƙusa takan ci tsatsa a cikin katako inda ido ba ya gani, ranar da igiyar ruwa ta bugi jirgi da ƙarfi sai ta karye. A huda katako da ƙaramin mahuji kafin a buga ƙusa don kada ya tsage, sa'an nan a lanƙwashe bakinta ta ciki. Mahaɗai kuwa a cusa musu auduga ko zaren buhu, a bi da narkakkiyar kwalta.

SIFFAR JIRGI

A nan ne babban aikin yake, domin siffar jirgi ita ce rabin tsirarsa. Ga jirgi mai tsawon ƙafa 20, ana so faɗin gindinsa a tsakiya ya kai kamar ƙafa uku, bakinsa ya buɗe zuwa ƙafa huɗu da rabi ko biyar, zurfinsa kuma ya kusa ƙafa biyu. Watau gefunan kada su tsaya tsaye kamar bangon akwati, su buɗe waje kamar bakin akushi. Hikimar haka ita ce, idan jirgi ya karkata, gefen da ya nutsa yakan ture ƙarin ruwa, ruwan kuma ya tura shi ya koma daidai. Bugu da ƙari, buɗaɗɗen gefe yana watsar da feshin ruwa waje. Sai dai kada a wuce gona da iri, gama jirgin da ya cika faɗi yana gajiyar da mai filafili, yana kuma shan mai.

Abu na biyu shi ne lanƙwasar gindi. Sa'ad da aka shimfiɗa katakon gindi a kan gungumai, a danne tsakiyarsa da duwatsu, a ɗaga gaba da baya kaɗan, kafin a kafa gefuna. Jirgin da gindinsa ya miƙe sambal yakan soka goshinsa cikin igiyar ruwa. Wanda aka lanƙwasa kuwa hawanta yake yi. Goshin ya zama mai tsini, ya kuma fi tsakiyar jirgi tsayi, a rufe samansa da katako tsawon ƙafa biyu ko uku, domin ruwan da ya hau ya zube waje.

Shimfiɗaɗɗen gindi yana da sauƙin haɗawa, yana kuma shiga ruwa marar zurfi, amma yana dukan ruwa da ƙarfi idan tafki ya tashi. Gindi mai tsini ta ƙasa yana yanka ruwa cikin laushi, sai dai aikinsa ya fi wuya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga zane-zanen iri biyun tun cikin shekarun 1970 domin amfanin ƙananan masunta. Wanda ya zaɓi shimfiɗaɗɗe, ya kafa wani dogon katako siriri a ƙarƙashinsa daga tsakiya zuwa baya. Wannan yana hana jirgi sulɓewa gefe, yana kuma taimaka masa ya bi hanya sosai.

A ciki kuma a kafa sanduna masu tallafe gindi da gefuna, tamkar haƙarƙari, kowace ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu. Bencin zama ba don zama kaɗai aka yi shi ba, shi yake ɗaure gefe da gefe. A kafa shi ƙasa-ƙasa, domin duk nauyin da ya yi sama yana jawo kifewa. Idan za a sa inji, katakon baya ya zama mai kauri, kada kuma a yanke shi ƙasa ƙwarai, don ta nan igiyar da ta biyo jirgi takan shigo. Injin da ya fi ƙarfin jirgi yana danne bayansa, ya ɗaga goshi, iska ta yi wasa da shi.

RUWAN CIKIN JIRGI

Mutane da yawa suna raina ruwan da ke kwance cikin jirgi. Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan daɓen jirgi ya kai ƙafa 15 a tsaye da ƙafa uku a kwance, ruwa mai zurfin inci biyu kacal ya zarce kilo 200, watau nauyin buhun siminti huɗu. Shi kuwa wannan nauyi ba ya zama wuri guda. Duk inda jirgi ya karkata, can yake gudu ya ƙara danne shi. Saboda haka kwanon kwarfe ruwa ya zama ɗaure da igiya, a kwarfe tun ruwan yana kaɗan.

Wannan lissafi yana da wata fuska mai daɗi. Jarkar roba mai lita 25, in babu komai a ciki an kuma rufe ta gam, tana iya ɗaukar kusan kilo 25 a kan ruwa. A ɗaure huɗu ko shida a ƙarƙashin benci da cikin goshi. Ko jirgi ya cika da ruwa, ba zai tafi ƙasa da inji da koma ba, mutane kuma za su sami abin kamawa.

Bayan an gama, a gwada jirgi kusa da gaɓa da cikakken lodin da zai riƙa ɗauka. A ja layin fenti a jikinsa inda ruwa ya tsaya, a tabbata an bar aƙalla ƙafa guda tsakanin layin da bakin jirgi. Ranar da ruwa ya rufe layin, a sauke kaya, ko da kifi ne mai tsada.

Kyakkyawan jirgi ba ya maye gurbin hankalin matuƙi. Idan iska ta taso, kowa ya zauna, a rage gudu, a tari igiyar ruwa da goshi a ɗan karkace, kada a ba ta gefe. Rigar ruwa kuma a jiki take da amfani, ba a ƙarƙashin benci ba.

Muna kira ga ƙananan hukumomin da ke bakin tafkin, da sarakunan ruwa, da makarantun koyon sana'a, su haɗa kai da Cibiyar Binciken Kifi da ke Sabuwar Busa, a tara kafintocin jirgi a nuna musu waɗannan abubuwa a aikace. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya karanta wannan ya kai shi ga ɗan'uwansa masunci. Rigakafi, in ji magabata, ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, a tudu da a ruwa.