Wa Ya Kunna Wi-Fi Ɗin Da Ka Hau?

Data ta yi tsada. Shi ya sa da mutum ya shiga otal, ko filin jirgi, ko harabar jami'a, ya ga Wi-Fi a buɗe babu kalmar sirri, sai yatsa ya riga tunani. Ba a cika tsayawa a tambayi wanda ya kunna shi ba.

Sunan da ke fitowa a fuskar waya ba shaida ba ne. Duk mai 'yar na'urar da za ta shige jaka, kai har mai waya irin taka, yana iya buɗe nasa ya raɗa masa sunan otal ɗin da ka sauka. A 2024 'yan sandan tarayya na Ostareliya sun kama wani mutum kan haka, bayan ma'aikatan wani jirgin sama sun ga baƙon Wi-Fi ana tsakiyar tafiya. An tuhume shi da ɗana wannan tarko a cikin jirage da filayen jirgin Perth, Melbourne da Adelaide. Fasinja na hawa, sai shafi ya buɗe tsaf da shi, yana neman imel ko asusun sada zumunta da kalmar sirrinsa kafin a samu intanet. Duk abin da aka rubuta, hannun mai tarkon yake faɗawa.

A da, leƙe aka fi tsoro. A 2010 wata manhaja mai suna Firesheep ta nuna cewa na kusa da kai a Wi-Fi ɗaya zai iya shige maka Facebook ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Yanzu yawancin manyan shafuka suna kulle bayanai a hanya, alamar ita ce https a farkon adireshi. Sai dai alamar ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara ma yana samunta.

Don haka ka tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan Wi-Fi ɗinsu, harafi da harafi. Otal na iya neman lambar ɗakinka, amma ba ruwansa da kalmar sirrin imel ɗinka, balle BVN ko lambar da banki ya turo maka. Shafin da ya nemi waɗannan, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja tukuna, rufe shi. Idan waya ta yi gargaɗin cewa hanyar ba ta da tsaro, kada ka yi mata gardama.

Harkar kuɗi kuwa, a ganina ba ta da gurbi a Wi-Fi na jama'a. Kashe shi, ka kunna datarka, ko ka danna lambobin USSD na bankinka. Manhajar VPN tana taimakawa, amma ta kyauta da ba ka san mai ita ba, sauya mai leƙe kawai ka yi.

In ka tashi tafiya, shiga saitin waya ka goge sunan Wi-Fi ɗin. Idan ka bar shi, duk inda wayar ta sake cin karo da mai irin sunan, tana iya hawa da kanta tana cikin aljihunka.