YADDA AKE HAƊA GANGAR NOMA DA TSOFAFFIN KAYA

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, manoma sun san amfanin ganga. Ranar gayya ita ce ke tara samari a gona. In makaɗi ya taɓa ta, ya kira sunan gwani, sai gajiya ta gudu, kunya ta riƙa ƙarewa da sauri.

A da, gangar noma daga icce ake sassaƙa ta, musamman alilliba ko ƙirya. Yanzu manyan itatuwa sun yi ƙaranci, shiga daji kuma ya zama abin tsoro saboda ɓarayi. Amma duk da haka ƙungiyar samari ba za ta rasa ganga ba. Ana iya haɗa mai ƙatuwar murya da kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Kayan da za a nema

Na farko, ƙaramin durom na ƙarfe, ko babban gwangwanin fenti wanda bai lotse ba. Na biyu, fatar akuya guda 2. Bayan Babbar Sallah fata tana araha, ana kuma samun ta wajen mahauta ko a kasuwar dabbobi kamar ta Sheme. Na uku, zobe 2 na siririn rodi, wanda maƙeri zai lanƙwasa. Kowane zobe ya ɗan fi bakin durom faɗi. Sai igiya mai ƙarfi da tsohon tub na keke.

Hattara da abu biyu

Kada a taɓa amfani da durom ɗin da aka zuba maganin feshi a ciki, don dafinsa ba ya fita duka. Wanda aka zuba fetur ko kananzir kuwa, kada a kai masa wutar walda. Tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa ya kashe mutum. A wanke shi sosai, a cika shi da ruwa, sannan a yanke da kurfi da guduma.

Abu na biyu, kada a ɗauki fatar mushe, ko ta dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Ciwon saifa yana maƙalewa a fata shekara da shekaru, yana kuma kama mutum. A 2008 ya kashe wani mai haɗa ganguna a birnin Landan. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da shi a wata gonar dabbobi a Suleja, Jihar Neja. Saboda haka a sayi fatar dabba mai lafiya wadda aka yanka.

Yadda ake haɗawa

A cire gindin durom da murfinsa. A daddake bakin da guduma har kaifin ya kwanta. A tsaga tub ɗin keke a lulluɓe bakin da shi, don kada ƙarfe ya yanke fata. A huda ƙaramin rami a gefe, kamar girman yatsa, inda iska za ta riƙa fita.

A jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya yi laushi, a kankare shi, a ɗauraye. Tun tana da danshi a shimfiɗa ta a bakin durom, a ɗora zobe, a naɗe gefen fatar a jikinsa, a ɗinke. Haka za a yi wa ɗaya bakin. Daga nan a zura igiya daga zoben sama zuwa na ƙasa, ana zagayawa har a dawo inda aka fara. A ajiye gangar a inuwa kwana 2 ko 3. Kada a kaɗa ta sai ta bushe sarai.

Yadda ake gyara murya

Ganga mai faɗin baki ta fi ƙatuwar murya. Fata mai kauri ma haka. In an ja igiya, murya ta yi sama. In an sassauta, ta yi ƙasa. Makaɗi ya riƙa taɓa gefen fata da yatsa yana zagayawa, yana saurare. Inda ya ji sauti ya yi ƙasa, nan zai ƙara ja. In ya ja wannan gefe, sai ya ja wanda ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan. In ƙarar ƙarfe ta yi yawa, a liƙa tsumma ko guntun soso a jikin durom ta ciki kafin a rufe.

Da damina fata tana shan danshi ta saki. Sai a shanya gangar a rana na ɗan lokaci. Da hunturu kuwa fata tana ɗaurewa da kanta, sai a ɗan sassauta igiya. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

In an gama kiɗa, a rataye ta a ɗaki, nesa da yoyo da ɓera. Gangar da aka kula da ita haka za ta yi wa ƙungiya gayyar damina da yawa. Allah ya ba da damina mai albarka.