YADDA HITILA YA RABA AURE BAI SANI BA

Duk wanda ya samu zarafin buɗe tsofaffin jaridun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da zai fara cin karo da shi shi ne manyan kanun labarai: an ci birni kaza, an nutsar da jirgi kaza. A nan edita yakan tsaya, domin filin jarida kaɗan ne. Shi kuwa labari yakan zarce abinsa, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka tasha ya hau jaki, ba ya yada zango sai a gindin murhu.

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, watanni kaɗan kafin Jamus ta auka wa Folan ran 1 ga Satumba. Masu karatun boko ba su da yawa a lokacin, saboda haka jarida guda takan wadatar da gari guda: malamin En'e ya karanta a ƙofar fada, jama'a su kwashe su kai kasuwa. Al'amuran yaƙin da za a ambata a nan duk sun auku. Mutanen da labarin ya faɗa wa kuwa, sai mai karatu ya ƙaddara su da kansa.

Cikin watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka yi ta nutsar da jiragen kaya a teku, gishirin kanti da ake kawowa daga Ingila ya yi wuya a Nijeriya, har sai da gwamnati ta sa hannu cikin rabonsa. To, a ƙaddara wani maigida ya kai loma ya ji miya lami. Ya ce, "Uwargida, yau kuma me ya samu miyar nan?" Ta ce, "Malam, ai sisin da ka bayar ko ƙurar gishiri bai saya ba." Daga nan magana ta yi tsami, uwargida ta yi yaji. Aka yi biko har sau uku ba ta komo ba, sai gaban alƙali.

Alƙali ya tambayi mafarin rigima, maigida ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gishiri ne." Aka kira mai tebur, ya ce laifin ɗan kanti ne. Ɗan kanti ya ce jirgi ne bai iso ba. Da aka bi sawun jirgi sai aka tarar Hitila ne ya nutsar da shi. Alƙali ya dubi muhuti, muhuti ya dubi ɗan doka, aka rasa mai kai sammaci Balin. Haka Hitila ya raba aure a garin da ko sunansa bai taɓa ji ba.

Cikin watan Satumba na shekaran nan kuma Ingila ta buɗe wata hanyar sama. Akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. A ƙaddara jaki ne ɗauke da tukwane ya doshi Kasuwar Kurmi, jirgi ya yi rugugi bisa kansa. Jaki ya yi tutsu, tukwane suka tarwatse, tukunya ta yi tsada ran nan, uwar amarya ta kasa cika kayan ɗaki, aka ɗaga biki sai kaka. Ango ya ƙara shekara guda yana gwauro saboda yaƙin da ake yi a hamadar Libiya.

Amma akwai labarin da raha ba ta da wurin zama a cikinsa. Ran 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan. Ƙasar Malaya, wadda Ingila ta dogara da ita wajen kuza da roba, ta suɓuce. Sai ido ya komo kan kuzar Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta ɗiban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza. Umurni yakan fito daga Razdan zuwa ga sarki, daga hakimi zuwa dagaci, shi kuwa dagaci ya nuna gidan da za a ɗiba. Dubban manoma suka bar gonakinsu, da yawa kuma sanyin tsaunuka da ƙarancin abinci da cuta suka kashe su. Wanda ya ji an karanta faɗuwar Singafo a ƙofar fada ya yi hamma ya tafi gona, bai san ƙafarsa labarin ya kamo ba.

Haka kuma daga 1943 aka kwashi samarin Afirka ta Yamma cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa yaƙin Bama. Sunayen da aka raɗa wa barikokin soja daga baya, kamar Dodan a Ikko da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya, duk tsarabar wannan tafiya ce.

Ɗalibin da ke haddace shekarun yaƙi don jarrabawa ya kyautu ya tambayi dattawan gidansu abin da iyayensu suka gaya musu game da shekarun tsadar gishiri. Ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar umurni kuwa, ya tuna ita ma jaki za ta hau, kuma akwai murhun da za ta sauka a gindinsa.