Tsatsa a Gindin Jigo: Yadda Ƙaramin Ƙarfe Kan Kayar da Jirgin Ruwa

A gaɓar tekun Turai da Amurka akwai dubban ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska, waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980. Kowannensu yana da dogon ginshiƙi a tsaye, wato jigo, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallayen da iska ke hurawa. A jirage da yawa wannan jigo na alminiyam ne. Yakan ratsa rufin jirgin ya sauka har ƙasa, ya zauna a kan wani faifan baƙin ƙarfe da aka ɗaure a ƙashin bayan jirgin. Wannan faifai shi ne mazaunin jigo. Ba ya da girma, kuma a ɓoye yake ƙarƙashin daɓen katako, amma idan ya ruɓe jigon na iya karyewa a tsakiyar teku.

Dalili kuwa shi ne, wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da jigo ta gaba da baya da gefuna, kuma a ɗaure suke tamau. Duk jan da suke yi yana danna jigon ƙasa, da ƙarfin da kan wuce tan guda idan iska ta taso. Mazaunin nan ne ke ɗauke da nauyin baki ɗaya. Da ya fara lotsawa sai jigon ya nutsa kaɗan, wayoyin su saki. Matuƙi ya ƙara ɗaure su, bayan 'yan makonni su sake saki. Wannan ce alamar farko da gwanaye ke lura da ita.

Me ke cin ƙarfen?

Mazaunin yana wuri mafi kwari a cikin jirgi, inda ruwan sama da ke bin cikin jigo da ruwan tekun da ke yoyo suke taruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma ruwan gishiri yana wuce da lantarki sosai. Abubuwa biyu ne ke faruwa a nan. Na farko, baƙin ƙarfe yana haɗuwa da ruwa da iskar oksijin ya zama tsatsa, wadda ke kumbura tana ɓarewa falle-falle. Na biyu, duk lokacin da ƙarafa iri biyu suka taɓa juna a cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan, irin wanda Alessandro Volta ya haɗa a 1800. Ƙarfen da ya fi saurin sakin ilektiron shi ne ke narkewa. Tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe, alminiyam ne ke shan wuya, saboda haka gindin jigon yakan cinye ya koma farin gari.

Turawan Ingila sun ga irin wannan tun da daɗewa. A 1761 sun lulluɓe ƙasan jirgin yaƙinsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don kare katakon daga tsutsar teku. Da aka duba shi a 1763, sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da aka kafe fallayen da su sun ruɓe. Amma ƙusoshin da takardar naɗe kaya ta maƙale tsakaninsu da jan ƙarfen suna nan lafiya lau. 'Yar takarda ta raba ƙarafan biyu, batirin bai haɗu ba. A 1824 kuma Humphry Davy ya nuna cewa idan aka liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfe, guntun ne zai cinye, jan ƙarfen ya tsira. Har yau ana ɗaura wa jirage dunƙulen tutiya saboda haka. Wannan hikima ce kuma ta sa ake shafa wa kwanon rufi tutiya.

Yadda ake sauya mazauni

Ana fara aikin ne da auna tsawon jigo daga mazauni zuwa rufi, da sa alama a kan kowace waya. Sannan a kwance wayoyin, injin ɗaga kaya ya zare jigon, a kwantar da shi a tudu. Daga nan sai a cire tsohon mazaunin. Sau da yawa notunansa sun riga sun haɗe da tsatsa, sai an yanke su. A kankare wurin, a busar, a duba ko dogaran da ke ƙarƙashinsa sun ruɓe. Gindin jigon da ya cinye kuwa, ana yanke shi da zarto har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. Idan an yanke santimita 5, dole ne sabon mazauni ya fi tsohon tudu da santimita 5 daidai, in ba haka ba wayoyin za su yi wa jigon tsawo.

Sabon mazaunin akan yi shi da alminiyam irin na jigon, ko da kaurin allon zaren gilashi da aka daskarar da danƙo, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya wuce da lantarki. Duk inda noti na wani ƙarfe dabam zai taɓa alminiyam, a shafa masa man kariya ko a sa roba tsakani. Wannan shi ne darasin takardar jirgin Alarm. A ƙarshe a huda ƙofa a gindin jigon don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan, ruwan da ya kwanta shi ne tsagar.

Gwaji a aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da sun je teku ba. A goge sababbin ƙusoshi 3 da samfefa. A naɗa wa ɗaya wayar jan ƙarfe, ta biyu a naɗa mata zirin tutiya, ta uku a bar ta haka. A tsoma kowace a kofinta na ruwan gishiri, a ajiye na kwana 3. Mai jan ƙarfe za ta fi tsatsa, wadda aka bari haka ta biyo baya, mai tutiya kuwa za ta kasance kusan fes. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin bambancin ya fahimci abin da ke cin gindin jigo.