Me Ya Sa Katangar Tsaro Ke Ƙin Shiga Tsohuwar Kwamfuta?

A shagunan buga takardu na Garwa da Marwa, har yanzu akwai kwamfutocin gwanjo masu aiki da Windows 7. Sau da yawa mai shago zai sauko da manhajar katangar tsaro, wadda ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet, sai ta cije a tsakiyar saka ta.

Kafin a zargi manhajar, a dubi agogon da ke kusurwar allo. A cikin kwamfuta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogon. Idan ya mutu, da zarar an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kwamfutar ta ƙi amincewa da sa hannun manhajar. Ɗauke wuta kuwa ba baƙo ba ne a arewacin Kamaru, musamman idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo. A sauya batirin, a gyara kwanan wata.

Sai kuma SHA-2: tun 2019 Microsoft ya koma wannan salon sa hannu, kuma Windows 7 ba ya gane shi sai an saka masa gyaran KB4474419. A tabbatar ma ko injin 32-bit ne ko 64-bit, a goge ragowar tsohuwar katanga, don biyu ba sa zama lafiya.

Idan duk ya faskara, a kunna katangar da Windows ya zo da ita. Amma Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, don haka kada a buɗe asusun banki a kan kwamfutar.