Inda Gobara da Dusar Ƙanƙara Ke Karɓa-Karɓa

Da yammacin ranar 21 ga Oktoban 2020, mazauna Grand Lake, wani ƙaramin gari a kan tsaunukan Roki na jihar Kolorado ta Amurka, suka ga sama ta yi jajir. Gobarar dajin da aka sanya wa suna East Troublesome ta yi mako guda tana ci daga nesa. A wannan rana iska ta taso mata, ta yi gudun kusan kilomita 29. Da ta isa ƙololuwar duwatsu, inda tsandauri ne zalla ko bishiya ba ta fitowa, duk mai hankali zai ce nan ne iyakarta. Ina! Iska ta kwashi tartsatsi ta tsallake da shi fiye da kilomita biyu, ya sauka a ɗaya gefen ya kama. Gidaje 366 suka ƙone, wani dattijo da matarsa, dukkansu sun haura shekara 80, suka rasu a gidansu. Ba 'yan kwana-kwana ne suka karya lagon wutar ba, dusar ƙanƙara ce da ta sauko bayan 'yan kwanaki.

Haka zaman waɗannan wurare yake. Grand Lake na da tudun mita 2,500 da ɗoriya sama da teku, kuma a kewayensa gidaje ne jefi-jefi cikin kurmi, kowanne da 'yar hanyarsa mai kwana-kwana. Masu kashe gobara a yawancin irin waɗannan ƙauyuka 'yan sa-kai ne, motar share ƙanƙara ta hukuma kuwa iyakarta babban titi. Daga nan zuwa ƙofar gida, mai gida ne da sheburinsa. Duk wanda neman abinci ya kai shi can, ko ya kama haya ko ya samu aikin gyaran farfajiya, ya kamata ya san cewa sharar tsakar gida a wurin ba ado ba ce kawai.

Mutumin da ya fi kowa sauya tunanin Amurkawa a kan wannan batu shi ne Jack Cohen, masanin kimiyya da ya yi aiki a cibiyar nazarin wuta ta hukumar gandun daji da ke Missoula a jihar Montana. Ya yi shekaru yana bin kufai bayan gobara, yana cin karo da abu guda mai ɗaure kai: gida ya zama toka, amma bishiyoyin da ke kewaye da shi na nan da ɗanyen ganyensu. Da a ce katangar wuta ce ta taho ta haɗiye gidan, ai da bishiyoyin ne za su fara tafiya. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi gwaji a arewacin Kanada, aka kafa bangayen katako a tazarar mita 10 da 20 da 30 daga bakin kurmi, aka cinna wa kurmin wuta da gangan. Na mita 20 da na 30 ba su kama ba, duk da harshen wutar ya zarce tsawon bishiyoyin.

To me ke cinye gidajen? Tartsatsi. Gutsattsarin ɓawon itace da ƙirare masu ci, waɗanda iska ke watsawa kamar ruwan sama tun wutar tana da nisa. Ɗaya ya faɗa cikin indararon da busasshen ganye ya cika, wani ya shige ta kafar shan iska ya sauka kan kwalaye a cikin silin, wani ya maƙale a tabarmar goge ƙafa. Wutar kan fara ne ƙarama, wadda bokitin ruwa ɗaya zai kashe, sai dai a lokacin an kwashe kowa, babu mai zuba ruwan. Wanda ya taso a ƙauyen da ake jinka ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san abin da tartsatsi ɗaya daga murhun maƙwabta ke yi a cikin hunturu.

Shi ya sa hukumar gandun daji ta jihar Kolorado ke cewa a fara daga jikin bango. Mita ɗaya da rabi na farko kada a bar komai mai kamawa: tsakuwa ko daɓen siminti, shi ke nan. A nan ne ake samun saɓani tsakanin mai son ado da mai tsoron wuta, domin abin da Amurkawa suka fi so su zuba a gindin furanni shi ne dagargazajjen ɓawon itace, wanda ke riƙe danshi amma kuma makamashi ne idan ya bushe. Akwai wata 'yar shuka mai suna junifa da ake yawan dasawa a ƙarƙashin taga saboda ba ta buƙatar ruwa sosai. Daga waje koriya ce shar, cikinta kuwa matattun ganye ne cunkus ga ƙaro mai maiƙo, har masu kashe gobara na kamanta ta da galan ɗin fetur. Ita ce ta farko da ake tumɓukewa. Itacen jin ɗumi, wanda kowa ke sha'awar jibgewa a baranda don kada ya fita cikin sanyi, a mayar da shi nesa da aƙalla mita tara. Kafofin shan iska a rufe su da ragar ƙarfe mai idon da bai wuce milimita uku ba. Shingen katako da ya haɗe da bango kuwa lagwani ne, a sauya ƙarshensa da ƙarfe.

Daga nan zuwa mita tara, a riƙa yanke ciyawa kada ta wuce santimita goma. Zuwa mita 30 sai aikin rage cunkoso: a bar tazarar kamar mita uku tsakanin kan wannan bishiya da na waccan, a sassare rassan ƙasa zuwa tsayin mita biyu ko uku, a cire ƙananan da ke tsiro a ƙarƙashin manya, domin su ne tsanin da wutar ƙasa ke takawa ta hau sama. In gidan a kan gangare yake, sai a ƙara faɗin sharar ta ɓangaren ƙasa, saboda wuta ta fi sauri idan tana hawa tudu. Ba kowace bishiya ce abokiyar gaba ba. Asfen, mai farin jiki da ganye mai danshi, ba ta saurin kamawa, ana ma ƙarfafa barin ta. Dabarar dai ɗaya ce da ta hanyoyin tare wuta da ake sharewa a makiyayar Nijar bayan damina, wato a raba wuta da abincinta.

Aikin ya ƙaru tun da wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya addabi dazuzzukan Kolorado daga 1996, ya shafi eka fiye da miliyan uku. Matattun bishiyoyin da ya bari suna nan a tsaye, wasu sun zube birjik.

Ba kowa ke yarda ba, gaskiya. Mutumin da ya tara kuɗi ya sayi gida don ya riƙa buɗe taga yana ganin kurmi, da wuya ya ji daɗin wanda ya zo da zarto. A Kalifoniya sai da aka mayar da abin doka: sharar mita 30 wajibi ce a yankunan haɗari. Inda doka ba ta kai ba, kamfanonin inshora sun kai. A watan Mayun 2023 State Farm, mafi girma a harkar inshorar gidaje a Kalifoniya, ya daina karɓar sababbin gidaje, kuma gobarar daji na cikin dalilan da ya bayar.

Sai kuma sanyi ya shigo da nasa. A ƙarshen Fabrairun 2023 dusar ƙanƙara ta sauka a tsaunukan San Bernardino, gabas da Los Angeles, har ta haura mita biyu a wasu wurare. Mutane suka kwashe fiye da mako guda a kulle cikin gidajensu. A garin Crestline rufin kantin da kowa ya dogara da shi wajen cefane ya rufta saboda nauyi. Abin mamaki, cikin wannan farin tulin ma sai da gidaje suka kama da wuta, domin ƙanƙara ta danne mitar gas da bututunta, gas ya yi ta yoyo. Darasin da hukumomi suka yi ta nanatawa shi ne a tone mita da tukunyar gas bayan kowace zuba, da tsintsiya ko da hannu, kada a sa shebur ya fasa bututu. Haka ma bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki. Idan ƙanƙara ta toshe shi, hayaƙin ya koma ciki, kuma irin gubar nan ce marar wari da ke fita daga janareto, wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci a garuruwanmu. Na'urar ƙararrawa mai gano ta ba tsada gare ta ba.

Kwasar ƙanƙarar kanta na kashewa. Jiƙaƙƙiya nauyi gare ta, sanyi na matse jijiyoyin jini, ga ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu, shi ya sa likitoci ke gargaɗin masu hawan jini da ciwon zuciya su bar wa wasu. Masu wayo tun a Oktoba suke kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen hanya don direban motar shara ya gane iyaka, su kuma zaɓi inda za a tara tulin, nesa da bango, ta yadda in ya narke ruwan ba zai bi ta ƙarƙashin gida ba. Gishirin narkar da ƙanƙara na kashe shuke-shuken bakin hanya, kuma shukar da ta mutu a Janairu ita ce makamashin Yuli. Hanyar da aka faɗaɗa zuwa kamar mita huɗu don motar shara, ita ce dai motar kwana-kwana za ta bi.

Saura rassan da aka sassare. Akan kai su wurin niƙawa, ko a tara su tsibi-tsibi a jira ƙasa ta rufu da ƙanƙara, a nemi izini a ƙona. A nan ma akwai tarko. Ranar 24 ga Disamban 2021 wasu mazauna wajen birnin Boulder na jihar Kolorado suka ƙona tarkacen katako da rassa, suka binne da ƙasa. 'Yan kwana-kwana sun je sun duba ba su ga laifi ba. Kwana shida bayan nan iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa ta yaye ƙasar, ta tarar da rushi na nan da ransa. Binciken da hukumar yankin ta fitar a Yunin 2023 ya ce wannan na ɗaya daga cikin mafari biyu na gobarar da aka sanya wa suna Marshall, ɗayan kuma wayar lantarki ce, ko da yake kamfanin wutar ya musanta. Gidaje 1,084 suka ƙone a yini guda, mutum biyu suka rasu. Washegari dusar ƙanƙarar da aka yi watanni ana jira ta sauko kan kufan da ke ta hayaƙi, waɗanda gidajensu suka tsira kuma suka shiga fafutukar hana bututun ruwa daskarewa, domin an yanke gas a unguwannin.